Sunan da Ban Faɗa wa Likita Ba

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ba ni hankali, kuma har yau bai aiko a karɓa ba.

Ni ce Bakhtan Bibi, matar uban Irshad, Allah ya jiƙansa. Ina faɗin wannan magana a cikin hankalina, ba zazzaɓi a jikina, ba nauyin ƙwayar barci a kaina, domin kwana uku ke nan ina ɓoye ta a ƙarƙashin harshe ina tofarwa. Na san akwai takarda mai tambari a kotu da ta ce ba ni da hankali. To, ga abin da marar hankalin ta sani. Yau Alhamis, tara ga watan Magh a lissafinmu na manoma, tsakiyar sanyi. An rufe magudanar ban-ruwa ana yashe ta, kamar kowace shekara a wannan lokaci. Itatuwan mangwaron lambunmu ɗari da goma sha biyu ne, tsawa ta kashe ɗaya, saura ɗari da sha ɗaya. Na haifi biyar, biyu sun riga ni, uku suna nan: Irshad a Maskat, Tanwir a Multan, Nasrin a gidan mijinta a hayin kogi. Da ku ukun nan nake magana.

Mai rubuta min Malama Parwin ce, wadda ta koyar da Nasrin a makarantar 'yan mata. Duk Alhamis tana zuwa nan Shujabad, gidan Sajjad ɗan baffanku, inda aka ajiye ni, ta karanta min Yasin. Muna karantawa kuwa, kada ku ce mun fake da littafin Allah. In mun shafa addu'a ne take ciro takarda daga cikin mayafinta. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ba ya kai ni bakin ƙofa sai na huta. Na ga uwata a haka, na ga ubanku a haka, ba sai an yi min bayani ba.

Na farko, kuma shi ne uwar maganar. Ranar ashirin ga Fagun, wato uku ga Maris ga masu lissafin boko irin na likita, alƙali zai saurari roƙon Sajjad na a ba shi izini ya sayar da lambu. Masu yanka filayen gidaje ne za su saya, su sare itatuwan. Ya rubuta cewa kuɗin maganina ne ya ci ƙarfinsa. Malama ta tambayi wata lauya, tsohuwar ɗalibarta. Ta ce in 'ya'yana maza biyu da 'yata suka shigar da takarda ɗaya, da hannuwansu uku a kai, suna roƙon a sake duba hankalina, ana iya tsayar da cinikin. In kuwa kowa ya zo da nasa lauyan kamar wancan karo, to, ku yi wa lambu sallama daga titi. Takarda ɗaya nake roƙonku, kafin ranar nan. Duk sauran abin da zan faɗa a ƙasa reshe ne.

Bari in tuna muku yadda muka zo nan, domin kowannenku rabin labarin ya sani.

Shekara biyu kafin ya rasu, ubanku ya kai ni ofishin filaye ya mai da eka huɗun lambun nan da sunana. Na ce me zan yi da su? Ya ce, "Yaran nan suna sonki, Bakhtan, amma za su fi sonki in takardar lambu tana cikin akwatinki." Na yi ta yi masa faɗa a hanya har muka iso gida. Allah ya jiƙansa, ya san itace ya san ruwa, amma wannan karon bai hango ba.

Bayansa, Tanwir ne ke yin ciniki da ɗan kwangila tun lambu na fure, yadda aka saba. Shekarar da zafi ya zo da wuri ya ƙone furen, kuɗi ya zo rabi. Irshad, kai kana can nesa, ba ka ga furen a ƙasa ba, sai ka ce a waya ƙanenka ya ci. Tanwir ya ce kai burinka a sayar ka buɗe shago a Maskat. Duk ku biyun kun yi ƙarya, kuma duk kun yi imani da ƙaryarku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sajjad magatakardan lauya ne, a harabar kotu yake wuni, ya san kowace ƙofa da wanda ke riƙe da mabuɗinta. Matarsa Rubina ta faɗa min abin da ya ce da kai, Tanwir, a kan shayi: "Ɗan'uwa, Yaya Irshad na sauka da Sallah, yatsan Inna kawai zai dangwala a takarda, shi ke nan an gama da kai. Bari a rubuta ba ta iya riƙe dukiya. Na ɗan lokaci ne, kai za a ba riƙon." Ka sa hannu. Da Irshad ya ji, shi ma ya ɗauki lauya ya ce shi ne babba, shi ya cancanta. Alƙali ya ga 'yan'uwa biyu suna ja-in-ja a kan tsohuwa, sai ya nemi na uku wanda ba ya cikin rigimar. Ga Sajjad a tsaye da farar riga, ya sunkuyar da kai. Aka naɗa shi waliyyina, ni da dukiyata.

Amma kafin nan sai da aka kai ni gaban likita. Yaro ne ɗan birni, ba shi da mugunta a fuska, mutane dai sun cika masa layi har waje. Ya ce, "Inna, wane wata muke ciki?" Na ce sha biyu ga Poh. Ya dubi Sajjad, ya yi rubutu. Ni dai watannin da muke shuka da su muke girbi da su na sani, su uwata ta koya min. Ya ce shekarata nawa. Na ce an haife ni shekarar da kogi ya cinye tsohon ƙauye. Ya sake rubutu. Sai ya ce, "To, mene ne sunan mijinki?"

Ɗakin cike da maza. Na ja mayafi na rufe fuska. Ya sake tambaya da ƙarfi, ya zaci kurma ce. Na ce, "Uban Irshad." Ya ce, "Sunansa nake tambaya, Inna, sunansa." Na yi shiru. Wace mace ce a zamaninmu take kama sunan mijinta? Ranar da za a kai ni gidan miji, uwata ta riƙe kunnena ta ce macen da ke kiran sunan miji kwanansa take ragewa. Sajjad ya san wannan, a tsakar gidana ya girma. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ka gani ko, likita? Haka muke fama. Shekara hamsin da aure, ko sunansa ba ta tunawa." Minti goma ba su cika ba aka gama da ni.

Na biyu, kai Tanwir. Kana tsaye a bayan kujerata ranar nan. Ka san dalilin shiruna, kalma ɗaya daga bakinka ta isa. Na jira ta, ba ta zo ba. Ba zan ɓoye maka ba, wannan ya fi min ciwo a kan ɓaunata mai nono da 'yan kunne da gida da aka raba ni da su duka. Na yi wata uku ina kuka da shi. Amma na san kai ma tun ranar ba ka ƙara cin abinci da daɗi ba, domin ni na haife ka, kuma tun kana yaro in ka fasa tulu ba ka iya haɗa ido da ni sai ka ɓuya a bayan rumbu. Shekara uku ke nan kana bayan rumbu, ɗana. Fito haka nan. Na yafe maka duniya da lahira, Malama shaida ce. Wuƙar ubanku ta auren itace, mai ƙotar ƙaho, taka ce, domin kai kaɗai ka tsaya ka koya. Tana cikin akwatin ƙarfe, in akwatin yana nan.

Na uku, kai Irshad. Kai ne babba, kuma kai ka fi taurin kai, a wurina ka gado, ba zan ɗora wa mamaci ba. Na san duk wata kana aiko kuɗi ta hannun Sajjad don a kula da ni. Allah ya saka maka. Ban taɓa ganin rupi ɗaya ba, amma ladanka yana nan. Sai dai zumunci a ƙafa yake. Ka ɗauki hutu ka zo. In ka sauka kada ka fara zuwa wurina, ka fara zuwa shagon ƙanenka, ka zauna ka sha shayinsa ko da bai yi maka tayi ba. Kada ka jira ya ba ka haƙuri, kunya ce ta ɗaure masa baki. Kai ma ka kira shi ɓarawo a kan furen da Allah ya ƙona, ba ka janye ba har yau. Bargon ubanku na ulu, wanda yake yafawa in zai je juya ruwa da sanyi, naka ne. Na san Maskat ba sanyi. Ka ajiye shi dai.

Ya kamata ku san yadda nake zaune, ba don ku ji tausayi ba, don ku faɗa wa alƙali. Watan farko aka sayar da Bhuri, ɓaunata mai nono, wai ba mai kula da ita. Sannan Sajjad ya karɓi 'yan kunnena na zinariya, wai kada in yar. Gidanmu na ƙauye an ba wani haya ya cika shi da buhunan taki, har ɗakin da na haife ku. Fanshon ubanku na hukumar ban-ruwa yana shiga, katin yana aljihun Sajjad. Sau biyu a shekara yana sa ni a mota ya kai ni banki in ɗora yatsa a kan na'ura, su tabbatar ina raye. Yatsana yana da hankali, ni ce ba ni da shi. Rubina ta taɓa karanta min lissafin da yake kai wa kotu. A ciki ina cin kaza kullum, ina da mai jinya dare da rana, babban likita na duba ni duk mako. Na ce da ita, "'Yar nan, ki kai ni in gaida wannan Bakhtan ta takarda, ita kam ta more duniya." Muka yi dariya har ta koma kuka. Gurasa da wake nake ci, kuma ban raina ba, da su na girma.

Abin dariyar kuma, duk duniya ba wanda ya kai Sajjad yi min addu'ar tsawon rai. In na mutu waliccinsa ya mutu, lambu ya zama gadonku. Saboda haka maganin zuciya ba ya yankewa, sai an yi ciniki tukuna. Kada wannan ya sa ɗayanku ya ce a bari kawai Allah ya yi ikonsa. Wataƙila in kai Fagun, jikin tsohuwa ba a yi masa alkawari. Kuma ni ba na so in tafi da takardar nan a kaina.

Na huɗu, ke Nasrin. Sau biyu kika zo ƙofar gidan nan, na ji muryarki daga ɗakina. Na ji Sajjad ya ce miki, "Likita ya hana, ganin mutane na tayar mata da ciwo, jiya ma ba ta gane ni ba." Na kira ki, murya ta ƙi fita saboda ƙwayar. Na ji kin ajiye kwano kin tafi. Alewar da kika kawo ta iso ni, Rubina ta ɓoye min, na yi kwana tara ina gutsura. Ni kuma ce min yake ba wanda ya zo, ba wanda ya kira. Ban yarda ba ko sau ɗaya, ki sani. Alƙur'anina mai rigar kore naki ne, da 'yan kunnen in sun dawo.

Ga kuma maganar da nake so 'yan'uwanki su ji da kyau. Na san al'adar garinmu. Ranar rabon gado za a zaunar da 'ya mace, a ɗora mata sabon mayafi a ka, a ce ta yafe wa 'yan'uwanta rabonta don zumunci ya ɗore. Haka aka yi min a gidan ubana, na yafe ina murmushi, na yi kuka a hanya. Ban yarda a yi wa Nasrin ba. Abin da Allah ya yanka mata a ba ta, itace da ƙasa, da sunanta a takarda. Ke kuma kada ki yi kara, ki karɓa.

Na biyar, abin da ke wuyana. Azumi biyu ban yi ba saboda ciwo, kuma ban ciyar ba, domin ko kuɗin allura ba a bar min ba. Ku ciyar a madadina. Zakkar lambu ta shekara uku ban san ko an fitar ba, ina zaton ba a fitar ba, ku tambayi liman ku fitar. Akwai mudu huɗu na alkama da na ara wurin Zohran matar maginin tukwane, ana gobe za a ɗauke ni daga gida. In ta rasu ku ba 'yarta. Ban san wani abu bayan wannan ba, amma ku yi shela a wurin jana'iza.

Na shida. Na san ba a yi wa magaji wasiyya, kuma ba a wuce sulusi, 'yan kayan da na ambata a sama roƙo ne a tsakaninku. Wannan kuwa wasiyya ce. Itatuwa biyar na layin gabas, amfaninsu na Rubina ne muddin tana raye, a hannunta, ba a hannun mijinta ba. Ita ke wanke ni, ita ke shafa min mai a ƙafa, ita ta fara ce min, "Inna, wannan farar ƙwayar kada ki haɗiye." Tana tsoronsa, ta yi duk da haka. Malama Parwin ta ce in na sa sunanta cikin masu rabo za ta ajiye alƙalami. To, ban sa ba. Ku dai san ƙofar da kwandon farko zai je kowace shekara.

Tsohon itacen da ke kusa da kabarin ubanku, wanda ya fito daga ƙwallo ba a yi masa aure ba, ba a taɓa sa shi a cinikin ɗan kwangila ba. Na masu wucewa ne. 'Ya'yansa ƙanana ne, ga zare, amma duk ƙauyen da shi suka san bakin mangwaro. Ku bar shi yadda yake.

Na bakwai, Sajjad. Na san jininku zai tafasa in kun karanta wannan, musamman Irshad. Ku bi shi ta kotu, ta ƙofar da ya shigo. A karɓe walicci, ya dawo da abin da ake iya dawowa da shi. Amma kada wanda ya ɗaga masa hannu, kada a tara masa jama'a, kada a kai maganar gidan surukan 'ya'yansa mata. Yaran ba su ci komai ba. Uwarsa ta rasu yana da kwana goma sha ɗaya, kakarku ta miƙo min shi a tsumma, ina shayar da Tanwir. Wannan a dama, wannan a hagu. Ya fi Tanwir ci, har ubanku yana tsokana yana cewa baƙo ya kori ɗan gida. Ina kallonsa yanzu in ya shigo da takardunsa, ina neman yaron nan a fuskarsa, wani lokaci ina ganinsa. Ban ce na yafe masa ba, ba zan yi ƙarya a bakin kabari ba. Ina dai roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa kafin in tafi. In ya zo jana'izata ku bar shi ya ɗauki makara, ɗan'uwanku ne na nono.

Na takwas. Ku binne ni a gefen lambu kusa da ubanku, wurin yana nan na bari tun tuni. Nasrin da Rubina su yi min wanka. Kada ku ci bashi don dafa tukwanen shinkafa ranar arba'in, mutane su ci su koma suna gulmar gishiri. In an kwashe takin nan daga gidana ina da sauran numfashi, ku mai da ni, ku sa gadona na igiya a tsakar gida inda rana ke sauka da hantsi. Ba na son komai bayan wannan.

Irshad, Allah ya yi maka albarka, ya sanyaya maka zuciya, ya dawo da kai gida da mutuncinka. Tanwir, Allah ya yi maka albarka, ya ɗauke maka nauyin da ka ɗora wa kanka. Nasrin, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki 'ya'yan da za su tsaya a ƙofarki su ƙi tafiya. Nonon da kuka sha halal ne, ba na bin kowa komai. Ku riƙe juna. Ko kun raba lambu a takarda, ruwansa ta magudana ɗaya yake shigowa, dole ranar Talata, ranar da ruwa ke zuwa kanmu, ku yi magana. In kun ji haushin juna ku faɗa wa juna, kada ku sake faɗa wa na uku.

Saura abu ɗaya. Na roƙe ku abu mai wuya, ba daidai ba ne ni in tsaya a inda nake.

Ubanku ya yi shekara hamsin da biyu yana neman ya ji sunansa a bakina. Ranar da aka zo yin katin shaida, ma'aikaci ya tambaye ni, ubanku yana gefe yana ƙyaƙyata dariya, sai da maƙwabciya ta faɗa a madadina. Kwana biyu kafin ya cika, ina ba shi ruwa a cokali, ya riƙe hannuna ya ce, "Bakhtan, yanzu ai ba sauran kwanan da za ki rage min. Faɗi sau ɗaya in ji yadda yake a bakinki." Na ce, "Ka ji tsoron Allah, tsoho, yara na jinmu." Ya yi murmushi ya saki hannun. Na ɗauka akwai gobe. Ba abin da nake nadama a rayuwata kamar wannan.

In Allah ya kai ni ashirin ga Fagun, ku ɗauke ni ko a kan gado ne ku kai ni gaban alƙali, ku uku a bayana, zan buɗe fuska in faɗa da ƙarfi kowa ya ji. In bai kai ni ba, ga shi nan, ku kai masa. Malama ta ji daga bakina, ba wanda ya tuna min. Ta ce in ɗan dakata ta gyara alƙalami. Na ce ta rubuta haka nan, na daɗe ina dakatawa.

Sunan mijina Rab Nawaz.

Rab Nawaz. Ashe ma ba shi da nauyi. Da na sani, da na ba shi ya tafi da shi.

Ga yatsana a ƙasa.